Sulo

Shekara bakwai yana jingine a rumfar dankali,
bayan buhunan taki, tamfol ya rufe shi,
tun ranar da muka kai Karsono makwanci
a gangaren Dieng, inda gajimare
ke saukowa ya kwana cikin kabeji.

Na janyo shi waje. Taya ta kwanta.
Na buɗe tanki, wari ya mare ni,
fetur ya tsufa ya koma kamar maɗi.
Na zubar, na ɗauraye, na zuba sabo,
na goge fulogi, na ja cok, na taka kik.
Sau goma sha ɗaya. Ya yi tari, ya tashi.
Na saki totur, ya mutu a hannuna.

Tugimin na kan kujera yana busa taba,
hannunsa na rawa, ya daina riƙe sufana.
Ya ce, "Warsiti, tashi ba wuya ba ne.
Kowane inji na ihu in an murɗa shi.
Tsayawa shiru da rai, nan ne aikin.
Kwance kafireto."

Na shimfiɗa tsohon zanen Inna a ƙasa,
na jera noti kamar mai shanyar barkono.
Tiyo ya bushe, ya tsage a yatsuna.
Cikin iyakilina zanzaro ya yi gini,
ɗaki uku na laka, masu gidan sun tashi.
Kwanon ƙasa kuwa kore shar,
fulot ya manne, allura ta ƙi motsi.

"Ba babban jet ba, ƙaramin nake nufi.
Ɗaga shi sama. Kina ganin rana?"
Ban gani ba.
Rami ne da bai kai silin gashi biyu ba,
amma nan numfashin yake bi in an tsaya.
Na jiƙa shi a kananzir har la'asar,
na zare zare ɗaya daga wayar tagulla,
a hankali, kada in faɗaɗa ƙofar.
Na hura. Na sake ɗagawa.
Wani ɗigon haske ya leƙo ni.

Wajen mayarwa na ga abin da ban nema ba:
a kan sukurun iska, an ja layi da zarto,
wani kuma a jikin ƙarfen, daidai da shi.
Hannun Baba ne. Haka yake yi wa komai,
har murfin rediyo, har bakin tulu.
Na haɗa layi da layi, na taka kik.

Ya tashi. Yana hawa, yana sauka,
kamar mai neman magana ya rasa.
Sai ya ɗauke.

Na ce, "Ai a nan ya bar shi."
Tugimin ya tofar da ganyen taba.
"A nan ya bar shi yana da shekara bakwai ƙasa.
Zobe ya saki, gasket ya tsufa.
Ki bar layin. Ki sa kunne."

Na ɗaure sukurun har ya taɓa,
na warware ɗaya da rabi,
na wuce layin Baba da rubu'i guda.
Yatsana ya tsaya can, bai so ba.
Ƙarar ta taru, ta daidaita, ta kwanta:
tif, tif, tif,
hannuna biyu a cinya, babu mai riƙe shi.

Inna ta fito da ludayi a hannu.
Ta daɗe a ƙofa tana kallon salansa.
Ta ce, "Hayaƙin nan zai shiga shanyata."
Ba ta koma ciki ba.

Gobe Wonosobo, buhu biyu a baya.
Tugimin ya miƙo mini zarto.
Na ja nawa layin kusa da wancan.